Ruwan Tsamin Kakata

Shekarar da fari ya cinye gonarmu ta Hamdara, muka dawo Birni, gidan kawuna. Gero ya ƙare, sai shinkafar taimako da kamyo, babbar motar kaya, ke kawowa. Mu yara murna muka yi. Kakata kuwa, Iya, in ta ci sai cikinta ya murɗa ta wuni tana zawo.

Dabararta ɗaya ce. Ta taho da wani ƙaramin tulu na ruwan tsami, wanda ta tsiyaye daga geronmu na ƙarshe. A ciki take jiƙa shinkafar kwana uku, ta daka, ta dama kunu, ta bar ruwan don jiƙo na gaba. Kunun nan kaɗai ke zama a cikinta.

Bayan magariba muna kewaye da murhu, sai ta ce, "Ga ta nan, ku buɗe kunne." Tatsuniyar da ta fi so a lokacin ta Shinkafa ce, baƙuwa fara tas, da ta zo ƙofar garin Ciki. Mutanen garin ƙanana ne, ido ba ya ganinsu. Suka ce ba su san ta ba, suka kore ta. Ta koma tana kuka, sai tsoho Gero ya sauke ta a ɗakinsa kwana uku, ya koya mata gaisuwar garin. Da ta dawo aka shimfiɗa mata tabarma.

Ni kuwa ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, kaina na hayaƙi. Mushe, malaminmu, ya koya mana cewa duk abin da ke wari cuta ne. Wata safiya Iya na barci, na zubar da ruwan a rariya, na wanke tulun da toka, na ɗauraye shinkafar fes. Har jira nake a yaba mini.

Da Iya ta tashi, ta leƙa tulun, ta dube ni.

"'Yar nan, kin kori mai masaukin baƙuwata."

"Iya, ai ya lalace ne. Wari yake."

"To, Allah ya yi miki albarka. Tsabta kika yi."

Ko zagina ba ta yi ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ta sake jiƙo da ruwan rijiya, ta ce bai kama ba. Ba ta ga damina ba. Kowa ya ce yunwa ce da tsufa, wataƙila kuwa haka ne.

Bara likita ta ce kitse ya yi mini yawa a jini. Cikin shawarwarinta har da kunu mai tsami, wai akwai ƙananan halittu a hanji da ke son sa.

"Mutanen garin Ciki," na ce.

"Hajiya, me kika ce?"

Na yi mata godiya na fito. Yanzu ina da tulu a bayan ƙofa, jikokina na toshe hanci in sun wuce. Na hana kowa wanke shi. Sai dai ban san ko ɗanɗanon ya yi kama da nata ba, don ko sau ɗaya ban yarda na kurɓi kunun Iya ba.