Tagar da ke kallon Gaya

Lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa garinmu Malanville, a Benin, da Gaya ta Nijar, ni da yayana mun yi kusan shekara ba ma magana. Laifina ne, gara in faɗa tun yanzu. Bayan rasuwar mahaifinmu an zauna a zauren gida, da kawunnanmu biyu, a kan inda Inna za ta zauna. Yaya yana so ya tafi da ita Gaya, inda yake da iyali da shago. Ni kuma na kafe a kan a ɗakinta za ta tsufa. Yana cikin magana, bai kai aya ba, na miƙe na saka takalmina na fice. A gidanmu ƙane ba ya tashi wansa yana magana, balle a gaban kawunnai. Washegari ya hau mota ya tsallaka, Inna ta zauna wurina. Tun daga ranar bai sake kiran lambata ba. In zai gai da Inna, wayar matata yake kira.

Wata Juma'a bayan la'asar, na dawo daga rumfar albasata ina wanke ƙafa, wayata ta yi ƙara. Ba kira ba ne. Gayyata ce daga wasan ƙwallon nan na waya, wanda mutum biyu ke karawa kowa daga inda yake, kuma hoton Yaya ne a jikinta. Babu sallama, babu ko kalma ɗaya. Tun muna samari muke son irin wasan nan a na'ura, shi ya koya mini riƙe madannai, kuma bai taɓa bari in ci shi don tausayi ba. Na karɓa. Cikin minti goma ya zuba mini huɗu, ya tafi abinsa. Juma'a ta zagayo, gayyata ta sake zuwa. Haka muka ɗauka, mako bayan mako, manya biyu masu furfura a gemu, ba abin da ke shiga tsakaninmu sai ƙwallon nan. Ni dai na san abu ɗaya: ranar da gayyatar ta daina zuwa, ba ni da wata hanyar da zan bi in kai gare shi.

Rezo, wato layin sadarwar waya, ba shi da ƙarfi a unguwarmu, don mu ne ƙarshen gari ta wajen gulbi. Saboda haka na sayo akwatin wifi, irin wanda ake sa wa pus, wato katin sim, a ciki kamar waya, ya raba intanet ga duk gidan. Na ajiye shi a falo. Yana aiki, amma da nawa. In na danna ɗan wasana ya ba da ƙwallo, sai ya tsaya yana shawara, kafin ya motsa Yaya ya riga ya ƙwace. Wani lokaci hoton ya daskare, in ya saki in tarar ƙwallo tana cikin ragata, ban ga yadda ta shiga ba.

Nan ne wayona ya motsa, kuma wayona ya sha jefa ni rami. Akwai ɗan ɗaki a saman gidanmu mai taga ta arewa. Daga can ana hangen gonakin shinkafa, da ruwan Kwara, da bishiyoyin ƙetare. Na ce da kaina, ai Yaya can yake. In akwatin yana kallonsa, saƙo zai tsallake ruwa kai tsaye, ba sai ya ratsa bango huɗu ba. Na jawo wayar wuta har sama, na kafa ƙusa, na ɗora akwatin a bakin taga. Har na tsaya ina kallon aikina ina yaba wa kaina.

Juma'ar da ta biyo, Yaya ya ci ni ta biyu, 'yan wasansa suna murna, sai komai ya tsaya. Wani ɗan zobe ya fito tsakiyar waya yana juyawa. Na girgiza wayar, na ɗaga ta sama, na haura da gudu. Kafin in kai ɗakin sama, wasan ya kore ni. Gabana ya faɗi, domin na san dokar wasan. Duk wanda layinsa ya katse, ana lissafa shi ya gudu, a ba abokin karawarsa ci uku. Kuma abin da ake rubuta wa wancan a fuskar wayarsa shi ne, abokin karawarka ya fita daga wasa. Ba a gaya masa dalili. Wato a idon Yaya, an ci ni biyu, na yi fushi, na tashi na bar shi.

Mai hankali zai ce, to ka aika masa saƙo mana. Na rubuta ya fi sau goma, ina gogewa. Yaya zan buɗe baki bayan shekara guda in fara da maganar rezo, alhali akwai babbar magana da ban taɓa ba? Babbar kuwa na kasa fara ta. Sai na zaɓi abin da ya fi sauƙi, na ce zan gyara akwatin kafin wata Juma'ar.

Babu abin da ban yi ba. Na kashe shi na kunna. Na cire pus na hura na goge da bakin riga. Na ce zafi ne, na sa masa fanka. Na zargi maƙwabta da satar mini rezo, na canza lambar sirri zuwa wata doguwa da ni kaina na manta, sai da na nemi takardar da na rubuta ta. Na share hotuna daga wayata har da na bikin sunan ɗiyata, wai don ta yi sauƙi. Na kafa doka a gida, ranar Juma'a daga la'asar zuwa magariba kada wanda ya buɗe bidiyo. A cikin mako ina gwadawa da baƙin 'yan wasa, wani lokaci a buga lafiya ƙalau har a tashi, in ce alhamdulillahi na gano bakin zaren. Wani lokaci kuma zoben nan ya dawo. Abin da ya fi cin raina ke nan, ciwon ba ya tsayawa wuri ɗaya balle in kama shi.

Juma'a ta biyu layin ya katse tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Sai na ce ƙila bango ne har yanzu. Na samo gora, na ɗaure akwatin a kai, na zura shi waje ta taga, ya ƙara kusantar gulbi da kamu uku. Juma'a ta uku ya katse ana saura minti ɗaya, Yaya yana gaba da ɗaya. Na sauko na tarar da ɗiyata riƙe da wayar uwarta, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ashe wayar ma a kashe take, yarinya tana kallon fuskarta ne a gilashi. Na ji kunya ƙwarai, kuma kunyar ba ta rage mini tsoro ba.

Juma'a biyu suka wuce babu gayyata. Nakan zauna a tsakar gida da waya a cinya tun daga la'asar har a kira magariba, in ta yi ƙara in zabura, in tarar saƙon talla ne. Abinci ya daina yi mini daɗi. A kasuwa na auna wa wata mata albasa sau biyu ban sani ba. Inna, da yake Yaya ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa kuma ba ta tambayar labarinsa kai tsaye. Amma ta san abin da ke zaunar da ni kowace Juma'a. Ta dube ni daga kan tabarmarta ta ce, "Auta, yau mutanen ƙetare ba su aiko ba?"

Na ce, "Ƙila aiki na ya yi yawa, Inna."

Ta ci gaba da jan carbinta.

Matata ce ta gaji da ganina. Ta sauko daga shanya da kwando a kai, ta tsaya ta ce, "Maigida, wai don mi kad ɗaure abin ga bisa gora?"

"Don shi kusanci Gaya," na ce, ina ɗaure fuska.

Ta ajiye kwandon. Na ga tana danne dariya, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ta ce, "Duk macen da ka zuwa wanki bakin gulbi ta san in ta kai can, waya tata na samun saƙon barka da zuwa Nijar, ita ko ƙahwahunta na nan Benin. Ni ma in na hau bisa shanya haka ta ka yi mini, sai in sauko ta komo daidai. To akwatin naka ba pus na cikinai ba?"

Gaskiya ta faɗa. Ni ma saƙon nan ya sha shigo mini a kan hanyar gada, shekara da shekaru, ina gogewa ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Da safe na kwance akwatin na kai wa mai gyaran waya a kasuwa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce akwatin yana jin eriya biyu, ta garinmu da ta ƙetare. In ta can ta ɗan fi ƙarfi sai ya saki ta gida ya kai mata hannu, ta ƙi shi, ya dawo, kuma a wannan kai-komon ne wasa ke mutuwa. Ya ƙara da cewa wasan ba ta kan ruwa yake bi ba. Abin da na danna sai ya je wata na'ura a ƙasa mai nisa kafin ya dawo Gaya, ko da Yaya yana bayan katangata. Ya shiga cikin akwatin ta wayarsa ya kulle shi a kan rezon gida kaɗai.

"Alhaji, kai shi kudu," ya ce. "Shi ba gulbi baya."

Na ajiye shi a ɗakin ajiya, a kan buhun shinkafa, ta kudu, wajen hanyar Guéné. Kwana huɗu ina gwadawa, zoben bai fito ba ko sau ɗaya. Amma gyaran akwati bai dawo mini da gayyata ba. Ranar Juma'a na jira har rana ta fara yin sanyi, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, ni na aika masa. Na ajiye wayar a ƙasa don ba zan iya riƙe ta ba. Na yi alwala ba tare da ta karye ba. Da na dawo, ya karɓa.

Ban taɓa ganin wasa ya tafi sumul haka ba. In na danna, ɗan wasa ya tafi nan take. Aka je hutun rabin lokaci babu ci. Da aka dawo na samu wata ƙwallo daga gefe na jefa ta raga, karon farko da na shiga gabansa tun da muka fara. Ana mayar da ƙwallo tsakiya, 'yan wasansa suka tsaya cak. Na duba alamar da ke saman wayata, rezo a cike. Sai rubutun ya fito mini, wanda sau uku ya fito masa: abokin karawarka ya fita daga wasa.

Zuciyata ta tafasa. Na ce ya rama ke nan, ya jira na ci shi don ya nuna mini yadda abin yake. Na zauna da ci ukun da aka ba ni, suna mini ɗaci a baki. Sai a lokacin na san abin da ya haɗiye har Juma'a uku, kuma duk da haka sau biyu yana sake aikowa. Ni sau ɗaya aka yi mini, har na fara shirya baƙar maganar da zan faɗa.

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Kira ne, lambar Nijar, lambar Yaya da na haddace tun ina saurayi.

"Wuta anka ɗauke nan," ya ce, babu sallama. Muryarsa ta ƙara kauri. "Ba hita na yi ba."

"Na ji, Yaya," na ce. "Ni ma sau ukun nan ba hita na yi ba. Akwatin na ad da matsala, na ɗora shi inda bai kamata ba."

Ina jin kukan awaki ta wajensa, da wata mota tana wucewa.

"To na zaure hwa?"

"Wannan hita na yi," na ce. "Ni na tashi da ƙahwata. Ka yahe mini."

Shirun ya yi tsawo har na cire wayar daga kunne na duba ko layin ya katse. Daƙiƙun kiran suna ta tafiya. Na mayar da ita kunne, na ji yana gyara murya.

"Ban gama magana ba ranar," ya ce. "Zamna ka ji sauran."

A zaune nake, amma na gyara zama.