Tamfol ɗaya, hadari a kai

Na kwaɓa siminti da yashin kogi ke nan, ina cusa shi tsakanin bulon daɓe na intalok, sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin.

Hanya ce nake yi wa Inna daga ɗakinta zuwa zaure. Bara santsin taɓo ya kayar da ita, har yanzu da sanda take tafiya.

Kwaɓin ɗanye ne shakaf. Idan ruwa ya sauka, tas zai wanke shi. Tamfol ɗaya ne a gidan, shi ma yana kan buhunan shinkafarta ta rani da aka ajiye a tsakar gida.

Iska ta fara kaɗawa. Na tsaya da shebur a hannu, na rasa wanne zan ceta.

Sai ga Inna tana jan tamfol ɗin da hannu ɗaya.

"Inna, shinkafarki fa?"

"A ruwa ta girma, ɗan nan. Kama can!"

Muna danne bakinsa da bulo ruwa ya ɓarke.

Buhun da ya jiƙe har tsiro ya yi. Ba ta taɓa zancensa ba. Kullum dai sai ta bi hanyar nan, ko babu inda za ta.

Ku fa, wanne za ku rufe?