Taken Kakana Bawa

Shekara ashirin da shida na yi ina kiɗan jaz, zaune bayan gangunan Turawa da ake kira batiri, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki. Na kaɗa a Yamai, na kaɗa a Abijan, na kaɗa a garuruwan Faransa da har yau ban iya faɗin sunansu daidai. Amma kiɗan da na fara ji a duniya a bayan ƙwarya ne, daga yatsun kakata Tsahara, a gidanmu na Bambeye.

Mu makaɗan noma ne. Ranar gayya kakana Bawa ke kaɗa wa manoma ganga, kowa da takensa, wanda ya ji nasa sai ya ƙara duƙawa. Shi ma yana da nasa taken da ya gada wajen ubansa, da shi yake buɗe kiɗa. Ya rasu ban yi wayo ba, mahaifina kuwa ya rataye gangar ya kama fataucin albasa. Taken bai rage ko'ina ba sai a yatsun Kaka.

Lokacin ɗari, bayan magariba, takan hura wutar kara mu zagaye ta. Sai ta kifa ƙwarya, ta kaɗa taken mijinta sau uku, sannan ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga ta nan ta taho, ku gyara mata wuri." Ni kuma mai rawar kai, in na karɓi ƙwaryar sai na ƙara ɗan salo na kaina. Nan take ta make mini hannu.

"Kai angon banza, wa ya ce ka ƙara mashi gishiri? Take suna ne. In anka ce Isuhu, so kake a liƙa maka wutsiya?"

Akwai tatsuniyar da ta fi yi mana. Wani makaɗi ne aljanun dutse suka ji kiɗansa, suka ɗauke shi. Suka ba shi nama da riguna, sharaɗinsu ɗaya: ba sa jin abu guda sau biyu, kullum sai sabo. Bayan shekara bakwai ya sauko gida, ya tarar ana gayya, ya saɓa ganga. Mutane suka saki baki don daɗi, amma ba wanda ya duƙa kan kunya, don ba wanda ya ji sunansa.

"To sai ya koma dutse?" muke tambaya.

"Ya koma mana. Ya iske aljanun sun samu wani yaro." Sai ta karkaɗe zane ta ce, "Ta ƙare, ku kwashe kunnuwanku ku ba ni wuri."

Ina da shekara goma sha takwas na shiga wata ƙungiyar kiɗa a Tawa, daga nan duniya ta ja ni. Abin da Kaka ke make mini hannu a kansa, shi ake tafa mini a can. Gwanin jaz ba ya maimaita abin da ya kaɗa jiya, ni kuwa na zama gwani, har ina jin na fi Bawa.

Ina Faransa aka bugo mini waya cewa jikinta ya yi tsanani. Na same ta ta makance, hannuwanta na rawa, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Ashe ta sa mahaifina ya sauko da gangar, an sake mata fata, ni kawai ake jira.

"Kaɗa mani mijina in ji," ta ce.

Na saɓa gangar ba ko ɗar. Bugun farko na gane shi, daga nan hannuna ya kama gabansa. Na sake, ya fito daban. Sau huɗu, kowanne da kamarsa. Maƙwabta suka cika gidan, wata har da guɗa. Kaka ta juyo da fuskarta wajena.

"Kiɗi ya yi daɗi, Isuhu. Amma wa kaka kira?"

Na durƙusa na roƙe ta ta yi mini da baki. Ta fara, numfashi ya ƙi kai ta, tsakiyar ta ɓace mata. Kwana tara bayan nan muka kai ta makwancinta.

Na koma Faransa na ƙara wasu shekaru, har ranar da shugaban ƙungiyarmu ya gabatar mini da wani saurayi mai zafin hannu, ya gode mini ƙwarai, ya sallame ni. Yanzu ina Tawa, batirin na ɗaki an lulluɓe shi da tsohon bargo. Ina da faifai da yawa masu sunana, na saurare su ɗaya bayan ɗaya, ko alamar Bawa babu. Abin da ke ƙona mini rai, Kaka ba ta taɓa hana ni zuwa dutse ba. Abu ɗaya tak ta ce in bar shi yadda yake, na kasa.

Wani lokaci nakan kifa ƙwarya in nemi taken. Jiya ma na gwada, 'yata ta leƙo ta ce, "Baba, wanga ya hi na shekaranjiya daɗi."