Ranar da Aka Ce wa Gwaggo Florica To

Shekara tara Gwaggonmu Florica tana aiki a ƙungiyar kare masu neman haya a birnin Cluj na ƙasar Romaniya, kuma aikin nata shi ne a kore ta. 'Yar ƙabilar Roma ce, waɗanda ake nuna wa wariya a can. Takan je neman gida da sunan aro, a ce an riga an bayar. Bayan awa ɗaya abokiyar aikinta, fara sol, ta je a miƙa mata makulli, lauya ya kai ƙara. Har takardar yabo aka ba Gwaggo, ta rataye a ɗakin da su shida ke kwana.

Wata Talata wani tsoho ya nuna mata ɗaki biyu da baranda. Ta gyara jaka tana jiran kora.

"Yaushe za ki tare, 'yata?"

"Baba, ka dube ni da kyau kuwa?"

"Da tabarau ma."

Ta kira ofis. Shugabar ƙungiyar ta ce mai gwada masu gidaje ba ta karɓar gida, ta wuce na gaba.

Da yamma ta koma da sunanta na gaskiya.

"Ɗazu Rodica, yanzu Florica? Ba na ba maƙaryata gida."

Wannan korar kaɗai ce ba ta kai wa lauya ba.