Aljihun da Tela Ta Ɗinka a Ƙirji

Matan gidan su Tela gasar naƙuda suke yi. Mace na shara tana cije leɓe, sai kan yaro ya kusa leƙowa sannan a nufi asibiti, a dawo ana yabon dauriyarta. Uwar Tela har gori take yi, wai a ƙofar asibiti ta haifi autanta, ko takalmi ba ta cire ba.

Tela ma ta bi sahu a haihuwar fari. Yabo kam ta sha shi, amma yaron kwana biyu ya yi. Ya ƙi nono, numfashi sama-sama, shi ke nan. Ta koma kan kekenta tana ɗinka wa jariran mutane riguna, bakin nan nata mai yankan ƙauna ya mutu shekara guda.

A ciki na biyu gwaji ya nuna tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta damun uwa, amma takan kama jariri wajen fitowa. Likita ta ce ta jijiya ake sa maganin da zarar naƙuda ta fara, kuma ana so ya samu kamar awa huɗu kafin haihuwa. Tela ta san halin takarda, ranar da ake nemanta take ɓata. Sai ta sa sakamakon a leda, ta ɗinke shi cikin aljihu a ƙirjin rigar da za ta haihu da ita.

Wata rana da hantsi faya ta fashe, tana tsaka da yanka yadi. Ta ajiye almakashi, ta zura rigar, ta ɗauki jaka. Uwar ta tare ƙofa, wai ko nishi ba ta fara ba, so take a yi da su a unguwa.

"Inna, wancan karon na daure. Ina ɗan?"

Uwar ta matsa.

A ɗakin haihuwa wata nas ta ce da sauran lokaci, ta je ta zazzaga tukuna. Tela ta haye gado ta banƙaro ƙirji.

"Karanta, 'yar nan. Ba ni sauka sai na ga ruwan magani na ɗiga."

Nas ta karanta, ta ɗauko ruwan da sauri. Awa bakwai bayan nan aka samu mace, ta kama nono kamar da gayya.

Har yau uwar na mitar wai Tela ta zubar musu da mutunci, jikar kuwa na goye a bayanta. Ita kuma Tela, duk mai cikin da ta kawo ɗinki sai ta tarar da aljihu a ƙirji, ko ba ta nema ba.