Jirgin Baba Abdurrahim da Ƙasar Mai Wurno

Ni dai Allah ya sani, ba na shiri da maƙwabci mai ƙwanƙwase-ƙwanƙwase. Ranar da wani dogon tsoho ya tare a ɗakin da ke kallon nawa a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, ya kama buga ƙusa da rana tsaka, sai na gyara ɗaurin ɗankwali na nufe shi. Na tura ƙofa da faɗa fal bakina, ya ɗago ya ce, "Maraba, 'yata, shigo mana," da Hausa irin ta kakanninmu. Nan take faɗan ya bi ruwa, har shayi na sha.

Baba Abdurrahim ke nan, mutumin Mai Wurno a Sudan. Kakansa ya baro ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogi, ya zauna. Shi kuwa Baba a aikin jirgin ƙasa ya tsufa, yana gyaran wayoyin fitilun tasha. Yaƙi ne ya koro su Alƙahira, shi da matarsa Hajja Awadiyya da 'yarsu Dalia.

Dalia na shara da goge-goge a wani gida a unguwar Dokki. Da masu gidan za su tashi, suka ba ta kwalin jirgin ƙasa na wasa mai aiki da lantarki. Ashe jirgin ne Baba ke kafawa a kan wata tsohuwar ƙofa da ya kwantar a tsakar ɗaki. Ya yi tashoshi da kwalin shayi, ya zana kogi da shuɗin fenti. Na ce, "Haba Baba, da furfurarka?" Ya yi dariya ya nuna min Hajja da haɓa.

Tun da suka tsallako iyaka baiwar Allahn nan ta yi shiru. Ba kurma ba ce, tana ci tana salla, amma ko Dalia ba ta samun kalma a bakinta. Sai fa in an kunna jirgin bayan la'asar. Da ya fara zagayawa sai ta gyara zama ta kama kiran tashoshin Sudan, ta ce, "Sennar." Ya ƙara gaba ta ce, "Madani. Abdurrahim, ka saya mana gyaɗa ta taga." Daga nan sai hira ta ɓalle, wa ya yi aure, wace shekara kogi ya cika, wa ya ƙona mata tukunya. Wallahi ina kewar la'asar ɗin nan. Yanzu ina unguwar Darrasa ina dafa wa ɗalibai abinci, amma in na ji kiran salla sai hancina ya ji ƙamshin shayinsu.

Wata rana jirgin ya soma rigima. Ya yi tafiya kaɗan, fitilarsa ta yi ƙyaf-ƙyaf, ya tsaya yana gurnani. Washegari ko motsi bai yi ba. Hajja ta dube shi, ta juya fuska bango, shiru ya dawo.

Ni na ce wutar unguwar nan ce, wadda ta cinye min firji. Baba ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Husaina, ba a yanke wa waya hukunci sai an ji ta bakinta." Ya ɗaura wa ƙwan fitila wayoyi biyu, yana bin layin gaɓa-gaɓa yana taɓawa. Ko'ina ƙwan ya kama. Ya goge layin da tsumma, ya matse mahaɗai, ya sake liƙa wata waya da dalma. Ya aro taransifoma wajen mai gyaran rediyo, ita ma ta ɗau zafi kamar tasa. Kwana da kwanaki yana abu ɗaya, ga ido ba ƙarfi. Na ga tsohon nan ya rame a tsaye, domin kowace la'asar sai ya waiwayi matarsa ya tarar da ƙeyarta.

Da komai ya ƙare masa ya kwance kan jirgin, abin da yake gudu tun farko don ƙusoshin ƙanana ne. Ina riƙe masa tocilan. Cikin injin akwai ɗan maganaɗisu, sai ga shi ya yi baƙin gashi buzu-buzu, ya toshe ko'ina. Baba ya ɗebo da hantsaki ya murza a tafin hannu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Wannan ƙasar bakin kogi ce. Tamu ce."

Kun san al'adar mutanen da: matafiyi kan ƙulla ƙasar ƙofar gida a bakin zane, ya jefa kaɗan a ruwan baƙon gari don kada ruwan ya ƙi shi. Hajja ta taho da nata ƙullin. Ashe in Baba ya tafi masallaci da azahar, sai ta kwance ta barbaɗa a gefen layin, don jirgin ya bi ta kan ƙasarsu. Ƙasar kuwa tana da garin ƙarfe, maganaɗisun yana ta zuƙa har ya shaƙe.

Ya share injin tas, ya ɗaura, ya kunna. Jirgi ya tashi. Hajja ta juyo, ta bi shi da ido zagaye guda, ta ce, "Sennar." Dalia ta fashe da kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Amma da azahar ta zagayo, na leƙa na ganta tana barbaɗawa. Raina ya ɓaci, na tare Baba a matakala. Na ce, "Khalas, ya isa haka, a ɓoye ƙullin nan! Ko a musanya mata da wankakken yashi, ina za ta sani?"

Ya ce, "Za ta sani, 'yata. Ta san ta ko a duhu."

Na ce, "To haka za ka dawwama kana kwance inji da wannan idon naka? Ai ƙasar za ta ƙare dai, mu huta."

Sai ya zaro wata 'yar kwalbar turare daga aljihun jallabiyarsa, da baƙin gari a gindinta. Wanda ya tsince daga injin ne da safe.

Ya ce, "In ta shiga wanka zan riƙa mayar mata cikin ƙullin. Ita ta zuba, ni in tsince. Gida ya ƙare mata sau ɗaya, Husaina. Ba zai sake ƙare mata a hannuna ba."