Kalar Gyaɗa a Gonar Baba

Ina tsakar gidana a Daura ina shanya wanki Yaya Sani ya kira ni a waya. Ya ce, "Hajara, sai haƙuri, Baba ya cika." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na zauna a bakin rijiya riƙe da jiƙaƙƙen zane. Kafin la'asar an kai mahaifinmu, Malam Haruna, makwancinsa a ƙauyenmu na ƙasar Sandamu. Ya bar gyaɗarsa ta nuna a gona, ba a kai ga cira ba.

Baba manomi ne mara yawan magana, kuma ba zan ɓoye ba, yana da taurin kai. Inda taurin kan ya fi fitowa shi ne wajen kala. Duk kaka in an cire gyaɗa an kwashe, sai ya bar gonar a buɗe, matan da ba su da gona su shiga da ƙoƙunansu su tono abin da ya rage a ƙasa. A da haka kowa yake yi. Shi dai ya ƙi dainawa ne bayan kowa ya daina. Har 'yan ƙwadago yakan ja wa kunne: "Kada ku bi ƙasa kamar masu neman allura. Abin da fartanya ta tsallake ba rabona ba ne."

A gabanmu zamani ya juya. Gayya ta mutu. Kara da harawa, da ake bar wa dabbobin maƙwabta, suka koma kayan kasuwa. Masu turkar raguna suka fara sayen ragowar gona bayan girbi, da harawarta da abin da ke ƙasa, su hana kowa shiga. Yaya Sani, wanda shi ke sayen taki yana sallamar masu aiki, ya sha yi wa Baba magana, kuma ba ƙarya yake yi ba. Wata rana na ji yana cewa, "Baba, komai fa yanzu sai an saya. Tun da aka kawo Shari'a kana ba kwamiti zakkarka cif. Ai ka sauke nauyi."

Baba ya ce, "Na sauke farilla. Amma mai karɓar zakka sai ta miƙa hannu ta yi godiya. Mai kala guminta take ci, ba ta ce wa kowa an gode."

Bana kuwa wani mai raguna bai jira an share makoki ba, ya aiko yana tayin ragowar gonar Baba. Hankalina ya tashi, domin na san waɗanda za a rufe wa ƙofa.

Ranar addu'ar uku Inna Talatu ta zo gaisuwa. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu tuntuni, da kalar nan take yin ƙuli-ƙuli tana riƙe jikokinta. Ta durƙusa ta ajiye ɗan kwanon ƙuli-ƙuli a gaban Yaya Sani, ta ce, "Ga wannan a haɗa a sadaka, na gonar Malam ne. Allah Ya jiƙansa. Shekara da shekaru ina kala a gonarsa, bai taɓa zuwa ya gan ni a duƙe ba."

Sai a lokacin na gane. Mun sha tsokanarsa cewa da an kwashe gyaɗa ƙafarsa take ɗaukewa daga gona, muna cewa hutun tsufa ne. Ashe kunyar matan nan yake tsarewa. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Inna Talatu ba ta roƙi komai ba. Bayan fitarta Yaya Sani ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "A gaya wa mai raguna ya ɗauki harawa, abin da ke ƙasa kuwa ba na sayarwa ba ne. Bana dai."

Bana dai ya ce, kuma ban ga laifinsa ba. Baɗi za a raba gado, kowa da shawararsa a kan rabonsa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinSa. Allah Ya ba mahaifiyarmu haƙurin rashi, Ya haɗa kanmu. Mu da za mu gaji gonar, Allah Ya ba mu zuciyar barin ta a buɗe. Amin.